Yadda na sha fama da takardar girka manhajarmu bayan mun koma Vite

Sauya kayan harhaɗa manhajarmu kwana biyu ya ɗauke ni. Gyara takardar da ke nuna wa mutum yadda zai tayar da manhajar a kwamfutarsa kuwa sai da ya ci mako uku. A cikin makonnin nan na ɓata wa wata ɗaliba kwanaki da kuɗin datarta, na kuma jawo aka zauna a ofis har bayan isha'i ranar Juma'a. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani zai tsallake ramukan da na faɗa.

Mu shida ne a wani ƙaramin kamfani a Kano, muna kula da manhajar da wasu makarantu masu zaman kansu ke amfani da ita wajen rajistar ɗalibai da fitar da sakamakon jarrabawa. Ɓangaren da ake gani a burauza da React, wani kayan gina shafukan intanet, aka rubuta shi, kuma tun farko a kan Create React App, kayan harhaɗa aikin React, aka kafa shi, kamar yadda kusan kowa yake yi a lokacin. Ran 14 ga Fabrairun 2025 masu React suka sanar cewa kada a ƙara fara sabon aiki da shi, masu tsohon aiki kuma su nemi inda za su koma. Ba mu yi gaggawa ba, tunda abu yana tafiya. Abin da ya ishe mu shi ne jira: ka buga npm start, ka je ka yi alwala ka dawo, webpack bai gama tattara fayiloli ba. Bayan Babbar Sallah, cikin watan Yuli, oga ya ce in gwada Vite, wani kayan harhaɗawa daban. Evan You, wanda ya ƙirƙiro Vue, shi ya fara shi a 2020, sunan kuma kalmar Faransanci ce mai nufin sauri. Dabararsa ita ce, lokacin da kake cikin aiki ba ya ɗaure komai wuri ɗaya, fayil ɗin da burauza ta nema kawai yake miƙa mata. A lokacin, sai an zo fitar da manhaja ga jama'a ne wani kayan aiki mai suna Rollup ke ɗaure kayan. Siga ta 7 ba ta daɗe da fitowa ba, a ƙarshen Yuni, ita na ɗauka.

Aikin kansa bai ba ni wuya ba. Na fito da index.html daga jakar public zuwa tushen aikin, na share duk inda aka rubuta %PUBLIC_URL%, fayilolin da ke ɗauke da JSX na sauya musu wutsiya daga .js zuwa .jsx, na mayar da process.env zuwa import.meta.env, gwaje-gwajen Jest kuma na kai su Vitest. Da manhajar ta tashi cikin ƙiftawar ido har kiran mutane na yi su zo su gani. Oga ya duba, ya amince, aka haɗe gyaran da babban reshe. Game da takardar girkawar, wadda ake kira README, a ƙasan bayanin gyaran na rubuta: "README zan gyara daga baya." Wannan "daga baya" ita ce ta haifi duk abin da ya biyo.

Bayan kamar kwana goma wata ɗaliba ta zo yin SIWES, wanda muka fi kira IT. Na ba ta tebur, na buɗe mata hanyar shiga rumbunmu na GitHub, na ce, "Ki bi README, komai yana ciki." Na koma kan aikina. Kwana biyu tana zuwa da wuri, ta gaishe da kowa, ta zauna shiru da kwamfutarta. Ran na uku na bi ta bayanta zan ɗebo ruwa, idona ya faɗa kan allonta, na ga layi guda ya maimaitu ya fi sau goma: Missing script: "start". Na ce, "Tun yaushe kike nan wurin?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun shekaranjiya, Malam. Na ɗauka ni ce ban iya ba." Ta goge komai ta sake saukewa har sau huɗu, kuma da datar wayarta, don ruwan da aka yi ya ɗauke intanet ɗin ofis. Wannan kuwa a shekarar da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Kunya ta rufe ni. Umarnin da takardar ta ce ta buga ni na cire shi da hannuna, na sa npm run dev a gurbinsa. Na tura mata data a take, amma kwana biyun da ta yi tana zargin kanta ba ni da abin biyansu.

Oga bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Kai ka sauya kiɗan, sai ka koya wa mutane sabuwar rawar." Na ce rabin awa ya ishe ni. Na buɗe README, na mayar da npm start zuwa npm run dev, 3000 zuwa 5173, sunan tsohon kayan zuwa sabon, na karanta sau ɗaya, na bi matakan a kwamfutata, komai ya tashi lafiya. Na ce mata ta gwada.

Ba ta wuce mataki na uku ba. Ni Ubuntu nake amfani da shi, ita Windows, sai ga saƙo wai ba a sami @rollup/rollup-win32-x64-msvc ba. Rollup yana da ɓangare daban ga kowane irin tsarin kwamfuta, fayil ɗin package-lock.json da na tura kuma na Linux kawai ya rubuta, saboda wata tsohuwar matsalar npm da shi saƙon ma ya ambata. Sai da na goge node_modules da fayil ɗin a wajena, na sake haifar da shi daga fari, na tura. Ta sake saukewa, karo na biyar. Wannan ya wuce, sai wani ya fito: crypto.hash is not a function. Nan na yi kusan awa ɗaya ina laluben kod ɗinmu, alhali babu ruwansa. Takardarmu cewa take "Node 16 ko sama da haka", wato sigar manhajar da Vite ke gudana a kanta, ita kuma 18 ce a kwamfutarta tun wani aikin makaranta. Vite 7 ba ya karɓar ƙasa da 20.19, ko 22.12 a jerin 22, Node 18 ma an daina kula da ita tun ƙarshen Afrilun 2025. Ni 22 nake kai tun tuni, har na manta ranar da na girka ta. Na rubuta sigar ƙarara a takardar, na ƙara fayil ɗin .nvmrc, na cika gurbin engines a package.json. A nan na koyi abu biyu da ban sani ba. Gurbin engines gargaɗi kawai yake yi ya wuce, sai ka sa engine-strict=true a cikin .npmrc sannan npm zai ƙi ci gaba. Sannan nvm, kayan sauya sigar Node, na Windows wani aiki ne daban da na Linux da Mac, bai damu da .nvmrc ba, dole mai Windows ya buga lambar sigar da hannunsa. Saboda haka sashen Node na takardar ya rabu gida biyu.

Washegari manhajar ta tashi a wajenta, shafin shiga ya bayyana, muka yi hamdala. Ta sa suna da kalmar sirri, shiru. Na buɗe kayan bincike na burauza, na ga buƙatar tana tafiya wani adireshi mai ban dariya: undefined/api/login. Takardar ta ce a kwafi .env.example a mayar da shi .env, fayil ɗin da ke riƙe saitin manhaja kamar adireshin saba, ta yi daidai yadda aka ce. Amma sunayen da ke cikin misalin duk da REACT_APP_ suka fara, Vite kuwa ba ya miƙa wa kod ɗin burauza sai wanda ya fara da VITE_. Nawa .env na gyara shi ranar da na yi sauyin, kuma tunda Git, mai adana tarihin gyare-gyaren kod ɗinmu, ba ya bin wannan fayil, gyaran a kwamfutata ya tsaya, babu wanda ya gan shi. Ina cikin gyara misalin layi-layi na ci karo da abin da ya fi wannan tayar min da hankali: gurbin mabuɗin sirri na kamfanin da ke tura mana saƙon tes ga iyayen yara. Duk abin da ka sa wa VITE_ a gaba, cikin fayilolin da burauzar kowa ke saukewa yake ƙarewa, haka ma REACT_APP_ yake a da. Wato shekaru mabuɗin yana waje ba mu lura ba. Muka nemi sabo, muka mayar da aikin tura saƙon can ɓangaren saba, na kuma rubuta gargaɗin a saman .env.example kansa, inda mai shirin ƙara layi zai gan shi kafin ya ƙara.

Daga nan sai jira. Sabar gwajin da muke amfani da ita tare an saita ta ne ta karɓi buƙata daga localhost:3000 kaɗai, Vite kuma tun siga ta 3 a ƙofa ta 5173 yake tashi, sai burauza ta toshe komai da kukan CORS, wato dokar da ke hana shafi karɓar amsa daga sabar da ba ta amince da adireshinsa ba. Ni ban taɓa gani ba, don ina da tawa sabar a kwamfutata da na buɗe wa kowace ƙofa. Wanda ke riƙe da wannan ɓangare ya tafi Zariya sunan ɗan ƙanwarsa, sai bayan kwana biyu ya dawo. Da ya dawo muka ɗan yi gardama. Shi cewa ya yi, "Malam, ka tilasta wa abinka ya zauna a 3000 mana, layi ɗaya ne, kowa ya huta." Gaskiya ne layi ɗaya ne. Amma ni na fi son mu bar abin yadda masu shi suka saita shi, domin duk wanda ya maƙale ya je neman amsa a intanet, 5173 zai gani, kuma duk wani bambanci da muka ƙirƙira sai mun yi ta bayaninsa har abada. Ya yarda, ya ƙara 5173 da 4173, wadda vite preview ke amfani da ita. Na kuma kunna strictPort, saboda idan ƙofar tana hannun wani abu Vite yakan zame ne zuwa ta gaba, 5174, mutum bai lura ba, CORS ya dawo, a rasa dalili. Gara ya tsaya ya faɗi cewa ƙofar a cike take.

Na ɗauka an gama, ashe babban yana gaba. Ranar Juma'a bayan la'asar aka ɗora sabon fitarwa a sabar da makarantu ke amfani da ita, karo na farko tun sauyin, don akwai gyaran shafin sakamako da wata makaranta ke jira kafin ta raba wa iyaye ranar Asabar. Injiniyanmu ya bi takardarsa, rubutun ɗorawa ya gudana ba kuskure ko ɗaya. Muka buɗe shafin, tsohon ne. Muka goge ajiyar burauza, muka gwada a waya, muka sake tayar da Nginx, manhajar da ke miƙa shafin daga saba, tsohon ne dai. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta, shugaban makarantar yana ta kiran oga. Bayan magariba Injiniya ya jera fayilolin da ake nuna wa jama'a tare da ranakunsu, ya juyo ya ce, "Malam, waɗannan fa na watan Yuni ne." Create React App a jakar build yake zuba abin da ya harhaɗa, Vite kuwa a dist. Rubutun ɗorawa daga build yake kwafa, tsohuwar jakar kuma tana nan zaune a sabar tun fitarwar baya, don haka ya kwafi tsohon kaya ya ce an yi nasara. Da ma jakar ba ta nan, da ya fashe nan take mun gane cikin minti ɗaya. Na buɗe baki zan ce ai kamata ya yi ya duba, sai na tuna laifi tudu ne. Takardar da yake bi a Google Docs take, ban ma san da ita ba, kuma ban taɓa gaya masa sunan jakar ya sauya ba. Mun bar ofis bayan isha'i, man janareta na awa huɗu ya tafi a kan kalma ɗaya.

Ranar Litinin na daina dogara da ƙwaƙwalwata. Na rubuta duk kalmomin tsohon tsari a takarda: react-scripts, REACT_APP, npm start, 3000, build/, PUBLIC_URL, jest. Na bi rumbun gaba ɗaya da grep, umarnin neman kalma cikin fayiloli, ina neman kowace, sannan na zagaya tebur-tebur ina tambayar kowa, "Idan ka manta yadda ake wani abu a aikin nan, ina kake dubawa?" Amsoshin sun ba ni mamaki. Ban da README akwai CONTRIBUTING.md da ba a taɓa ba shekara biyu, akwai Dockerfile da ke kwafar build, akwai fayil ɗin GitHub Actions da ke ajiye jakar da babu ita yanzu, akwai takardar Injiniya, akwai wani dogon saƙo a zaurenmu na WhatsApp da mutum biyu suka sa wa tauraro suke komawa gare shi, akwai kuma bidiyon minti ashirin da oga ya ɗauka da kansa don sababbin zuwa. Wuri bakwai, kowanne yana ba da labarin gidan da aka riga aka rushe. Na tattaro abin da ke da amfani na mayar cikin rumbun, a jakar docs kusa da kod ɗin, don duk mai gyara ya gan su a gabansa. Takardar Google Docs na share abin da ke cikinta na bar layi ɗaya mai nuna sabon wuri.

Bitar gyaran ta ɗauki kwana huɗu, mafi yawansu jiran oga ya samu sarari. Ya so a bar tsofaffin matakan a ƙasa "ko za a buƙata". Na ce, "Yallabai, wanda ya zo sabo bai san wanne ne tsoho ba, na farkon da idonsa ya gani zai kwafa. In ana son tsohon, yana cikin tarihin Git." Muka daidaita a kan ɗan gajeren jadawali a sama, tsohon umarni a hagu, sabo a dama, saboda tsofaffin hannu da yatsunsu suka saba da npm start, da sharaɗin za a cire shi bayan wata uku. Shi kuma ya kama ni a wani wuri da ya fi ni gaskiya: na cika takardar da bayanin yadda Vite ke aiki a ciki, shafi guda cur. Ya ce mai son tayar da manhaja ba karatu ya zo yi ba. Na yanke shi ya koma jimla biyu.

Matakin ƙarshe shi ne wanda ya kamata in fara da shi. Na ari kwamfutar akawunmu, wadda ba a taɓa rubuta kod a kanta ba, na kira ɗan bautar ƙasar da ke amsa kiran makarantu, na ce ya bi takardar daga layin farko. Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne ba zan yi magana ba, ba zan taɓa madannai ba, biro da takarda kawai. Ban san shiru yana da wuya haka ba. Layin farko ya ce a buga git clone, kwamfutar ta ce ba ta san git ba, don ban taɓa rubuta cewa sai an girka shi ba. Ya wuce nan, ya buɗe PowerShell ya buga npm ci, aka ce an hana gudanar da rubutun umarni a wannan tsarin. Ɗalibarmu ba ta gamu da wannan ba saboda Git Bash take amfani da shi. Inda na rubuta "kwafi fayil ɗin misali" ya tsaya yana kallona, yana neman inda zai kwafe shi zuwa. Da manhajar ta tashi kuma bai san ta tashi ba, yana jiran burauza ta buɗe da kanta kamar yadda tsohon tsari yake yi, Vite kuwa adireshin kawai yake nunawa sai ka danna. Wuri tara na rubuta a takardata. Babu ko ɗaya da zan iya ganowa a kwamfutata, ko da zan karanta takardar sau ɗari. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma a wannan harka mai ɗakin ya daɗe da tara kwanoni a ƙarƙashin kowane yoyo har ya manta da su.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da zan ce ya fara yi shi ne ya sa gyaran takarda cikin gyaran kod ɗin, a duba su tare a haɗe su tare. Mu yanzu akwai tambaya a fom ɗin neman haɗe gyara: shin wannan ya sauya yadda ake girkawa, tayarwa ko ɗorawa? Tun kana cikin sauyin ka ajiye takarda a gefe, duk abin da ka taɓa wanda Git ba ya gani, kamar .env da sigar Node da saitin sabarka, ka rubuta shi a lokacin, don washegari ka manta. Ka je da ƙafarka wurin mai ɗora manhaja a saba ka karanta masa abin da ya sauya, kada ka jira ya gani a rubuce, kuma ku goge tsohuwar jakar fitarwa tun kafin ɗorawar farko. Bayan kowane mataki ka rubuta abin da mutum zai gani idan ya yi daidai. Saƙonnin kuskure kuma ka kwafe su harafi da harafi cikin takardar tare da maganinsu, domin wanda ya maƙale abin da ke allonsa yake nema. Duk abin da za ka iya sa kwamfuta ta tilasta, kamar sigar Node da lambar ƙofa, ka sa ta tilasta, kada ka bar shi a matsayin roƙo cikin rubutu. Sabon zuwa kuma ka gaya masa tun ranar farko cewa in ya yi rabin awa a mataki ɗaya ya zo ya faɗa, takardar ce da laifi. Yaranmu da kunya suka taso, ba za su zo su ce wa babba rubutunsa bai yi ba sai an ba su izini.

A saman README yanzu akwai layi mai faɗin ranar da aka gwada matakan daga farko zuwa ƙarshe, da irin kwamfutar, da sigar Node. Ɗalibar nan ce ta karɓi aikin sabunta shi duk wata har ta gama IT ɗinta, kuma ita ta gano cewa sashen gwaji har lokacin yana ambaton wani zaɓi na Jest da Vitest bai sani ba. Bidiyon oga ne kawai ya rage. Har yau a minti na shida yana cewa a buga npm start. Na sauya masa suna na rubuta "tsoho, kada a bi" a gaba, shi kuma ya ce zai ɗauki sabo ranar da aka samu wuta, don ƙarar janareta ba ta barin a ji muryarsa.